Yadda za a jawo manya zuwa gidan tarihi

A zaman da malamai da dattawan Hausawan Njamena suka yi, an koka cewa 'yan makaranta ne kawai ke cika gidan tarihi na ƙasa.

Shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce a gayyaci kakanni tare da jikokinsu, kuma a bar tsofaffi su yi magana. Tsohuwar da ta san ginin tukwane, in ta tsaya gaban tukwanen mutanen Sao, al'ummar da ta zauna a yankin Tafkin Chadi a zamanin da, za ta faɗi yadda ake kwaɓa yumɓu da gasa shi, abin da allon bayani bai ɗauko ba. Nan na fi karkata, domin dattijo ba ya jin daɗin a zaunar da shi kamar ɗalibi. A kai su Gawi ma, ƙauyen ƙabilar Kotoko kusa da birni, inda mata ke wannan sana'a har yau.

Wani malami ya ja hankali kan Toumaï, ƙoƙon kan wata halitta da wasu masana ke ganin tana cikin kakannin ɗan Adam na farko, wanda aka gano a hamadar Jurab a 2001, mai kimanin shekara miliyan 7: a yi bayaninsa cikin natsuwa, a saurari tambayoyin manya ba tare da raini ba.

Sauran masu sauƙi ne: jagora mai jin Hausa da Larabcin Chadi, kujerun hutawa, da kauce wa zafin rana.