"Mas" da "wet": duka biyun nauyi za mu riƙa cewa?

Jama'a, salamu alaikum. Kalma nake nema, kuma na zo da tawa a aljihu, amma bari ku ji abin da ya jawo.

Daren jiya bayan isha'i 'yar wana da ke aji ɗaya na babbar sakandare ta kawo mini aikin gida na fiziks. Tambaya ɗaya ce ta tsaya mata: buhun shinkafa, "mas" ɗinsa kilo 50, a nemo "wet" ɗinsa a doron ƙasa, a kuma nemo a duniyar wata. Na gyara zama na ce bari in juya mata da Hausa. Na ce, "Buhu ne nauyinsa kilo 50, ana so ki nemo... nauyinsa." Ta ɗago kai ta dube ni. "Baffa, ai sun riga sun faɗa. Hamsin."

Yarinya ta fi ni gaskiya. Abu biyu ne, mu kuma suna ɗaya muke kiransu.

Ga waɗanda suka daɗe da barin aji: "mas" shi ne yawan abin da ke jikin abu, da kilo ake auna shi, kuma duk inda ka kai buhun nan kilo 50 ɗinsa na nan. "Wet" kuwa ƙarfin da ƙasa ke janyo buhun ne zuwa gare ta, wato abin da ke danne gammo a kan ɗan dako, kuma da niyuton ake auna shi. Ƙasa na janyo kowane kilo da ƙarfin niyuton 9.8, amma a jarrabawa sau da yawa cewa ake a ɗauka 10 ne don lissafi ya yi sauƙi. Sai 50 sau 10, niyuton 500. A duniyar wata, janyowar kusan 1.6 ce, kashi ɗaya cikin shida na tamu, sai buhun ya koma niyuton 80. Shinkafar ba ta ragu da ƙwaya ɗaya ba, gidan da za ta ciyar wata guda a nan shi za ta ciyar a can, amma yaro ɗan firamare zai iya cicciɓar ta.

To ni a ganina a bar wa "wet" kalmar nauyi. Idan Bahaushe ya ce kaya sun yi masa nauyi, wuyansa ne ke magana. Wanda ba shi da suna shi ne "mas", kuma sunan da nake so mu raɗa masa shi ne curi. Irin curin fura, daga cura. Curin buhun kilo 50 ne, nauyinsa niyuton 500. Ku faɗa da baki ku ji ko harshe ya yi tuntuɓe.

Na ga amsoshi sun fara shigowa, bari in bi su.

Malam, kai da ka ce a bar shi "mas" tunda da Turanci za a rubuta WAEC da JAMB: ban ƙi ta taka ba, ba cewa na yi a cire Turancin daga littafi ba. Yarinyar nan ta haddace kalmomin biyu tsaf, har da ƙa'idar da ke haɗa su. Abin da ba ta da shi shi ne wurin ajiye su a ƙwaƙwalwa, don a cikinta duk nauyi take fassarawa, shi ya sa take rubuta amsar "wet" da kilo ta rasa maki. Sannan ka gwada cewa "mas" a gaban 'yan aji da safe, rabinsu masa da miyar taushe za su tuno. Abin dariya ma, kalmar Turancin daga Latin ta fito, inda take nufin ƙullin gari da aka murza aka dunƙule. Wato su ma daga madafa suka ɗauko ta. Larabawa kuma "kutla" suke cewa, dunƙulallen abu ke nan, su bar "wazni" ga nauyi. Ɗan'uwanmu na Maraɗi ya ƙara mana da cewa a makarantunsu Faransanci ya raba su, amma da an fito tsakar gida sai su koma nauyi kamar mu. Ashe ciwon ɗaya ne.

Hajiya ta kawo "auki". Kalma ce mai daɗi, amma ranki ya daɗe ba za ta yi ba. Shinkafa mai auki ita ce wadda ke kumbura ta cika tukunya, wannan maganar cika wuri ce, dangin mudu da tiya. Mudun gero da mudun auduga wuri ɗaya suka ci, amma curinsu ba ɗaya ba. Wani ya ce "jiki", sai dai idan ka ce wa ɗalibi "nemo jikin motar" dariya za a yi. "Tari" kuma sai an yi ta faɗa da tarin mura.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta yayana malamin lissafi, wanda ya ce mu ce "nauyin asali" da "nauyin ja". Yaya, na juya ta na sake juyawa. Tana da ma'ana, kuma ta dace da kasuwa, don mai nama idan ya ce nauyin cinyar nan kilo uku ne, a ilmance "mas" yake faɗa. Amma ka san halin baki da doguwar kalma. Sati biyu ba za a yi ba ɗalibai za su yar da "asali" da "ja", mu koma gidan jiya. Gara kalmomi biyu da ba su yi kama ba ko kaɗan.

Ka kuma ce ruwa da iska ba su da curi tunda ba a cura su. A nan ne nake so mu ɗan daɗe, don da ruwan na shawo kan yarinyar. Na ce ta tuna mai kurar ruwan da ke shigowa layinmu. Jarka 12, kowace lita 25, lita ɗaya ta ruwa kuma kusan kilo ɗaya ce, kilo 300 ke nan ban da ita kurar. Ba a kansa ya ɗora ba, tayoyi ne suka ɗauke nauyin. To me ya sa sai ya kafa ƙafa, ya sunkuya, jijiyar wuya ta tashi kafin ta motsa? Me ya sa kuma idan ta ɗauki gudu, yaro ya gilma, sai ya ja baya da dukkan jikinsa, silifa na karta ƙasa, kafin ta tsaya? Wannan taurin kai na ƙin tashi da ƙin tsayawa ba nauyi ba ne. Kai kurar duniyar wata, nauyinta zai ragu, amma idan ta taho a guje ta buge ka, bugun na nan yadda yake. Abin da masanin kimiyya Aizak Niyuton ya kira "yawan abu" ke nan a 1687. Idan kana so gudun ruwan nan ya riƙa ƙaruwa da rabin mita a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, sai ka ninka 300 da 0.5, niyuton 150 na turi, ban da abin da yashi da tayoyi za su ci. Ƙarfi daidai yake da curi sau ƙarin gudu. Ruwan bai dunƙule ba, gaskiya ne, amma kalma idan ta shiga aji takan faɗaɗa. "Tushe" na bishiya ne kafin masu nahawu su ara.

Kada kuma mu ɗauka mu kaɗai ne muka ruɗe. Sai da babban taron ma'aunai na duniya ya fitar da sanarwa a 1901 cewa kilo ma'aunin "mas" ne, "wet" kuma ƙarfi ne, saboda Turawan ma cakuɗa su suke yi. Kuma tun daga 1889 har zuwa 2019, kilon da duniya ke kwatanta kowane kilo da shi wani ɗan guntun ƙarfe ne, tsawonsa bai kai santimita 4 ba, a kulle a wani gari kusa da Faris. Curin ƙarfe, in ka ga dama.

Gwajin da na ba ta na ƙarshe na sikeli ne. Akwai na rataye mai ƙugiya irin na masu sayen kayan gwangwan, akwai mizani mai faranti biyu irin na masu zinare. Na ce a kai su duniyar wata a auna kaya, wanne zai canja magana? Ta yi shiru tana murza bironta, can ta ce na rataye, don ja yake ji, buhun zai nuna kilo takwas da 'yan kai. Mizani kuwa duka farantan biyu tare suka yi sauƙi. "Ashe Baffa na rataye nauyi yake aunawa, mizani kuma curi." Ban gyara mata ko harafi ba.

Saura sunan ita janyowar da ƙasa ke yi, "maganaɗisun ƙasa" da gidajen rediyo ke cewa. Ba ta kwanta mini ba, don maganaɗisu ƙarfe yake kamawa, ƙasa kuwa har buhun shinkafa take ja. Na yi niyyar cewa "jan ƙasa" sai na tuna magina za su zaci ta yaɓe nake nufi. Yaya, wannan taka ce, ka zo da ita ranar Asabar.