Yi wa finafinan da aka ɗauko daga littattafai bayanin murya don makafi

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. Ana son shirya wa 'yan'uwanmu makafi a nan Sakkwato zaman sauraron tsofaffin finafinai irin waɗanda aka ɗauko daga littattafai, kamar Shaihu Umar na 1976 da Adamu Halilu ya shirya daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Rebecca na 1940. Ta ina ake fara rubuta bayanin murya, wato muryar da ke faɗa wa makaho abin da ke faruwa a hoton, da Hausa? Kuma ya halatta a ciko wani abu daga littafin?

Malamar Adabi:
Wa alaikumus salam. Malam, bari in fara da ta ƙarshen: a'a. Fim ake bayyanawa, ba littafi ba. Rebecca ma ya isa misali, don yadda Rebecca, matar mai gidan ta farko, ta mutu a fim ɗin da Alfred Hitchcock ya shirya ya saɓa da yadda Daphne du Maurier ta rubuta a 1938. Mai bayani ya jawo na littafi, ya ɓata wa mai sauraro labarin ke nan.

Amfanin littafin shi ne sunayen mutane da wurare da tufafi. A Shaihu Umar, ka ce rawani, alkyabba, ayari, allo, kai tsaye, kada ka tsaya cewa "wata irin riga".

A kalli fim ɗin sau biyu. Na farko ido rufe, a rubuta duk inda aka ɓace. Na biyu da agogo, a auna shirun da ke tsakanin maganganu, don a nan kaɗai bayani ke shiga. Lissafa kalma biyu a daƙiƙa guda: shirun daƙiƙa 4, kalma 8 ke nan. A faɗi abin da ido ke gani yana faruwa, "ta sunkuyar da kai, tana murza zobe", ba "ta ji kunya" ba. Hukuncin na mai sauraro ne.

Wani tarko: jarumar fim ɗin Rebecca, wato matar ta biyu, ba ta da suna, a littafi da fim duka. Zaɓi laƙabi guda, "budurwar" kafin aure, "amaryar" bayansa, a tsaya a kai. Harafin R da ke kan kayan marigayiya Rebecca kuwa dole a ambace shi duk inda ya fito, shi ne rabin tsoron fim ɗin.

Mai Sauti Runjin Sambo:
Hajiya ta gama da rubutu, ga na ɗaukar murya. Waya mai kyau ko ƙaramin makirfo na USB ya wadatar, a ajiye shi kamar taƙi guda daga baki, a ɗan karkace saboda iskar "f" da "b". Babban abokin gaba a garin nan fanka ne da janareta. A kashe su, a rataya barguna a bango, a yi ɗaukar da sassafe kafin zafi ya taso, minti 15 a huta.

A manhajar gyaran sauti ta Audacity, sa ma'aunin sauti (sample rate) a 48000, daidai da na bidiyo. Sautin fim a layin sama, muryar mai bayani a ƙarƙashinsa, sai a zaɓi na saman a danna Auto Duck. Shi zai riƙa rage sautin fim duk lokacin da mai bayani ya buɗe baki. Ragin yana zuwa a -12 dB (ma'aunin ƙarfin sauti), amma tsofaffin finafinai sautinsu siriri ne, -8 ya fi, in ba haka ba kiɗan ya nutse gaba ɗaya.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne bambancin kwafi. Fim na silima hoto 24 ne a daƙiƙa, faifan DVD na tsarin talabijin na PAL kuwa 25, wato ya fi sauri da kashi 4 cikin ɗari. Ka ɗauki bayani a kan ɗaya ka ɗora a ɗayan, kowane minti za a samu zamiya ta daƙiƙa 2 da ɗoriya, kafin ƙarshen fim mai awa biyu ta kusa minti 5. Maɓallan J da K na manhajar kunna bidiyo ta VLC suna gyara tazarar da ba ta canzawa ne kawai, ba sa maganin wannan. Kwafin da za a nuna, a kansa za a yi aikin tun farko. In an gama, a haɗa bayanin da fim ɗin ta manhajar MKVToolNix a matsayin layin sauti na biyu.

Baba Gawon Nama:
'Ya'yana, kun manta abu guda. Shaihu Umar da Hausa ake magana, murya ɗaya ta isa. Rebecca Turanci ne, sai an sa murya biyu: ɗaya ta fassara zance, ɗaya ta bayani, namiji da mace don kunne ya rarrabe. Kuma kada a ɗauko salon masu fassarar finafinan Indiya, da barkwanci da kirari a kan maganar jarumai. Kafin a kunna, a ba da minti 3 na gabatarwa: zamanin labarin, kamannin manyan 'yan wasa, da cewa Rebecca hoton baƙi da fari ne. A nemi izinin masu haƙƙin fim in taron na jama'a ne.

Malamar Adabi:
Gaskiya ne, Baba. Kuma a fara da minti 10 kacal, a kunna wa makafi biyu ko uku, a tambaye su wa ke cikin ɗakin da abin da ya faru. Inda amsarsu ta saɓa, nan ne za a sake rubutawa kafin a ci gaba.