Wutar furosesa tana faɗuwa in aiki ya yi nauyi

Salamu alaikum, masana kwamfuta. A nan Sakkwato nake haɗa bidiyon biki, shi ya sa na ɗaga gudun furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) zuwa 4.8GHz. A BIOS (shafin saitin madabod, wato babban allon da kayan kwamfuta ke jone a kai) na sa Vcore (ƙarfin wutar da ke shiga furosesa) 1.30V, amma da zarar na fara fitar da bidiyo sai ya sauko 1.22V, allo ya yi shuɗi, kwamfutar ta mutu. Na ƙara LLC (saitin da ke rage faɗuwar wutar in aiki ya yi nauyi), faɗuwar ta ragu, sai dai zafin VRM (sashen madabod da ke daidaita wutar furosesa) ya haura digiri 100, ƙarfen sanyayawa da ke kansa ba ya taɓuwa. Ga zafin Afrilu, fankar ɗaki ma wuta take hurawa.

Filogin wutar furosesa mai fil 8 kaɗai na jona wa madabod, na fil 4 yana nan fanko. Shi ne matsalar, ko VRM ɗin ne ya gaza? Don Allah a taimaka.