Wace kalma za ta ɗauki "garrison" a Hausa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubutu kan sojojinmu da suka je yaƙin ƙasar Bama (Burma) a Yaƙin Duniya na Biyu, sai na cije a kan kalma ɗaya. A 1944, da Janar Wingate na Birtaniya ya shigar da dakarunsa na musamman da ake kira Cindit can bayan dagar Japanawa, akwai bataliyoyi uku na Najeriya a cikinsu, ta 6 da ta 7 da ta 12. Babban aikin da aka fara ba su shi ne riƙon wuraren da aka kafa a tsakiyar daji aka kewaye da waya da nakiyoyi. Ɗaya daga ciki Turawa sun laƙaba masa Farin Birni, don fararen laimomin da jirage ke sako kaya da su sun lulluɓe itatuwan wurin. Sojojin da aka zaunar su riƙe wuri haka, su ne Bature ke kira garrison, wani lokaci har wurin kansa. Na rubuta bariki, na goge. Na rubuta sansani, zuciyata ba ta kwanta ba. A taimaka.

Tsohon samanja: Wa alaikumus salam, ɗana. Gara da ka goge bariki. Bariki gini ne, da layukan kwana da filin fareti da mata da yara da 'yar kasuwa. Kuma ka san inda kalmar ta gangara, in aka ce wane ɗan bariki ne ai ba yabo aka yi ba. Abin da kake nema mutane ne da aiki a kansu. Wanda aka ba riƙon irin wannan wuri, kafin ya tuna da abokan gaba sai ya ƙirga abu uku kowace safiya: mutum nawa suka tsaya fareti, buhu nawa ya rage a sito, ruwan kwana nawa ke ƙasa. Sannan ga kurata. Yaron da ya fito daga Difo na Zariya jiya, ba a ba shi gadin dare shi kaɗai, sai a haɗa shi da tsohon hannu. Zaman jira shi ke lalata soja, ba harbi ba. In aka rage kason abinci ba a yi bayani ba, ranar gadurum, ɗakin tsare soja mai laifi, zai cika.

Wani daga Sakkwato: Ranka ya daɗe samanja, ai muna da kalmar tun kafin Bature ya zo: ribaɗi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗai a bakin iyaka, ya zaunar da mayaƙa a ciki don tare harin Gobirawa da Kabawa. Shi kansa a ribaɗin Wurno ya zauna, can ya rasu a 1837, can kabarinsa yake. Me ya sa za mu je neman aro?

Malamar Hausa: Malam, ribaɗi kalma ce mai daraja, darajar tata ce ma ta hana ta wannan aiki. Zaman ribaɗi ibada ne, ana neman lada da shi. Gobe in mai tambaya zai ba da labarin sojojin Japan da suka riƙe wani gari a Bama, zai ce ribaɗin Japanawa? Ga kuma bambancin ciki: mutanen ribaɗi gari suke kafawa, su yi noma da kiwo, su ci daga guminsu. Na Farin Birni kuwa sama suke kallo, ranar da jirgi bai zo ba tukunya ba ta hau wuta ba. Sansani shi ma da sauransa, don ana yada shi yau a tashe shi jibi, ga shi yanzu kunne ya saba jin sa tare da 'yan gudun hijira da alhazai.

Ni ga abin da na gani. Kullum a rediyo muna jin "an girke sojoji a gari kaza". Ba wanda ya taɓa tambayar ma'anarsa. To mu ɗauko daga nan: rundunar girke.

Wani daga Sakkwato: Malama, kada mai karatu ya ɗauka rundunar masu dafa tuwo ce! Masu bori ma suna da tasu girkar.

Malamar Hausa: Dariyar taka ba ta kauce hanya ba, tushensu ɗaya. Girka tukunya shi ne ka ɗora ta a kan murhu ta zauna daram, ba ta motsi sai an sauke. Haka ake yi wa waɗannan sojoji. Kalmar runduna da ke gaba kuma ta isa ta raba gardama.

Tsohon samanja: Hajiya ta fi mu gaskiya. Ni dai a bakin soja ban taɓa jin ta ba, mu Turancin muke karyawa mu wuce. Amma in na ji ta a rediyo zan gane ba sai an fassara mini ba.

Mai tambaya: Na gode, Baba, na gode Malama. Ga yadda zan yi: mutanen su ne rundunar girke, shugabansu kwamandan girke, wurin kuma mazaunin girke. Ribaɗi na bar wa babin Daular Usmaniyya. Jimlar da ta tsayar da ni ta zama haka: "Bataliya ta 12 ta shiga rundunar girke ta Farin Birni, abincinta da harsashinta duk ta sama suke zuwa."

Saura hafsan da ke riƙe da sito, mai raba abinci da kaki da takalma. Na sa ma'ajin runduna na wucin gadi. Baba samanja, ku me kuke ce masa?