Kuɗin kaɗan ne: me za mu fara saya wa ɗakin gwajin duwatsu?

Baban Hafsa: Assalamu alaikum. Ni ke kula da ɗakin gwaje-gwaje na sashen ilimin duwatsu a wata kwaleji nan Kaduna. An ce mu kawo jerin kayan da muke buƙata, amma kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Shugaban sashe ya ƙwallafa rai a kan na'urar XRF ta hannu, wadda ake ɗora wa dutse ta faɗi sinadaran da ke cikinsa. Ni kuwa damuwata maikroskop biyu kacal ke aiki, wani ɗalibin ko leƙawa bai yi ba lokaci ya ƙare. Wanne za mu sa gaba?

Na Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Malam, ku ajiye batun XRF tukuna. Hukumar binciken duwatsu da ma'adinai ta ƙasa (NGSA) tana da babban ɗakin gwaji a nan Kaduna, ga cibiyar binciken makamashi (CERT) ta ABU Zariya. Ku kai samfur, ku biya, a auna muku. Ku ƙaro maikroskop, amma irin na duwatsu, mai faranti mai juyawa da matatan haske biyu. Ku rubuta haka ɓaro-ɓaro, in ba haka ba ɗan kwangila na asibiti zai sauke muku, don ya fi araha. Sannan injin yanka dutse. Sai an yanka, an manna a gilashi, an yi ta gogawa da garin kaborandum har kaurin ya sauko milimita 0.03 kafin haske ya ratsa yadda ake so. A maikroskop, ma'adinin kwaz da ke cikin dutsen zai fito fari ko toka-toka. In ka ga ya yi rawaya, to da sauran guga.

Maman Iman: Ku ware kuɗin silika jel mai tsotse laima da kabad mai rufuwa ruf, fumfunar damina na cin gilashin maikroskop. Kuma guduma, kamfas da madubin hannu mai ninki 10 fa? Da me yara za su hau dutsen Kufena?

Mai Burtsatse: Ni dai da za a ji tawa, Terrameter, na'urar da ke tura lantarki cikin ƙasa don gano inda ruwa yake. Yawancin garin nan a kan tsohon dutse mai tauri yake, ruwan ƙasa sai inda dutsen ya ruɓe ko ya tsage. Yaron da ya iya kafa ƙarafanta huɗu a ƙasa ya karanta sakamakon, ba zai rasa na cefane wajen masu haƙa rijiya ba.

Baban Hafsa: Na gode ƙwarai. Mai Burtsatse, in batirinta ya mutu, ana samu a Kaduna ko sai an aika Legas?