Jinya ko kwamfuta? A taimaka mini da shawara

Wata 'yar uwa ce ta turo, ta ce a sakaya sunanta.

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 34, ina zaune a Rigasa, Kaduna, da maigida da yara uku. Ina gama sakandare aka yi mini aure, karatu ya tsaya. Yanzu auta ta shiga firamare, maigida ya ce in koma makaranta zai yi iya ƙoƙarinsa, amma ɗan kasuwa ne, ba mai albashi ba. Tun ina yarinya nake son aikin jinya, shi kuma ƙanena ya dage wai kwamfuta ce abin yayi, kana ɗaki ana turo maka dala. A NECO ina da kiredit a Turanci, Lissafi, Bayoloji da Kemistiri, Fiziks ne na samu D7. Wanne zan kama da ba zan ɓata shekaru da kuɗin bawan Allah a banza ba?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, D7 ɗin nan shi zai fara tare ki a ƙofa. Makarantun jinya kiredit biyar suke nema, har da Fiziks, kuma a zaman da bai wuce biyu ba. Ko kimiyyar kwamfutar za ki karanta a Kadpoly ko KASU, Fiziks ɗin yana jiranki, don haka sai kin gyara shi ko ta ina kika bi.

Tsarin kuma ba irin na zamaninmu ba ne. Mu shekara uku muka yi. Yanzu kwalejoji da yawa sun koma ND da HND, shekara huɗu, kuma ta JAMB ake shiga. Digiri a jami'a shekara biyar ne. Kada wani ya ce ki je NOUN, jami'ar karatu daga gida, tunda kina da yara, digirin jinya na can na waɗanda suka riga suka mallaki lasisi ne.

Lasisin nan shi ne ribar wahalar. Ranar da kika ci jarrabawar Majalisar Jinya da Ungozoma ta Najeriya, takardar ita ke nema miki aiki. Ga asibitin Barau Dikko, ga asibitin sojoji na 44, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, ga na ido da na kunne, ban da masu zaman kansu, ko da yake wasunsu abin da suke biya sai haƙuri. Matanmu kuma sun fi sakewa idan mace 'yar uwarsu ce a ɗakin haihuwa. Amma karatun ba ya yiwuwa da rabin jiki. Akwai zagayen wod, akwai dutin dare tun kina ɗaliba. Ki zaunar da maigida ki faɗa masa ɓaro-ɓaro cewa akwai daren da za ki kwana asibiti shi ya kwana da yara. Amincewar farko ba ta da wuya, ta shekara ta biyu ce abin dubawa.

Baban Yara:
Hajiya, ni aikina ke nan, rubuta manhaja. Ƙanenki bai yi ƙarya ba, rabin zancen ya faɗa miki. Masu karɓar dala suna nan, amma sun daɗe suna cin kwakwa kafin su kai can, kuma ƙananan ayyukan da sabon shiga ke fara cin abinci da su, yanzu AI na kwashe wasu. A wajenmu babu lasisi, abin da kika ƙera shi za ki nuna. Sai laftof mai kyau, sai data, sai wuta, sai Turancin da za ki yi ciniki da shi. Wasu kamfanoni kuma suna sa iyakar shekaru wajen ɗaukar sababbi.

Inda muka fi jinya sauƙi shi ne ana iya ɗanɗanawa kafin a saya. Ki ari laftof ɗin ƙanen naki, ki fara da Excel, ki leƙa CoLab, cibiyar masu fasahar kwamfuta a Barnawa, ki sa ido kan shirin 3MTT na koyar da fasahar kwamfuta da gwamnatin tarayya ta ɓullo da shi a 2023, kyauta ake koyarwa. Wata uku sun isa ki gane ko kina da haƙurin zama kina farautar kuskure ɗaya har la'asar.

Maman 'Yan Biyu:
Ni dai ki yi istihara. Allah ya zaɓa miki mafi alheri.

Kawu na Kawo:
'Yata, ba jinya kaɗai ce aikin lafiya ba. A makarantar Shehu Idris ta Makarfi ana karanta CHEW, wato kwas ɗin ma'aikatan lafiyar al'umma, shekara uku, da lasisinsa. Jihar nan mazaɓu 255 ne, kuma ƙananan asibitocin mazaɓu su ne wurin aikinsu. Akwai kuma kwas ɗin adana bayanan marasa lafiya, masu aikin sashen kati, ya haɗa miki asibitin da kwamfutar wuri guda.

Anti Nas:
Kawu, a gafarce ni, guraben sashen kati ba su da yawa. Asibitin da zai ɗauki nas-nas barkatai mutum nawa zai ɗauka a can? CHEW kam na yarda, sai dai ta sani Makarfi ba wurin da za a je kullum a dawo Rigasa ba ne.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa maigida maganar dutin dare, ya yi shiru, ya ce zai yi magana da Hajiyarsa ko za ta riƙa kwana da yaran. Anti, Fiziks kaɗai zan sake ko duka?

Anti Nas:
Ki cike fom ɗin NECO na masu zaman kansu, wanda ake yi a Nuwamba da Disamba, ki zuba ƙarfinki kan Fiziks, sai a haɗa da tsohon sakamakonki ya zama zama biyu. Ki nemi malamin lesin tun yanzu, don a JAMB ma Fiziks na cikin darussa huɗun da za ki rubuta. Fom ɗin makaranta in ya fito, ki duba ko sun sa iyakar shekaru kafin ki biya ko sisi.