Laftop na zafi har ta ɗauke, kamfani kuma ya ce lafiyarta ƙalau

Ɗan_Koyo:

Assalamu alaikum. Malamai, shawara nake nema. Laftop ce mai firosesa Core i7-12700H da katin hoto na Nvidia, garantinta na shekara ɗaya bai ƙare ba. In rubutu ake yi ko binciken intanet, ba wata matsala. Amma da an buɗe manhajar tace bidiyo sai fanka ta kama kuka, saman kibod ya ɗau zafi, aiki ya fara sarƙewa, wani lokacin ta ɗauke ɗif ba sallama. Masu amsa ƙorafi na kamfanin sun sa an sabunta BIOS, wato manhajar da ke tayar da na'urar kafin Windows, an sake zuba Windows, ba abin da ya canja. Ƙarshe suka ce wai haka irin wannan samfurin yake. Digiri nawa ne za a ce ya wuce ƙa'ida? In buɗe ta a share a canja man firosesa, wato man da ake shafa mata don zafi ya fita, ko akwai yadda za a yi su karɓa su gyara?

Mai_Gyaran_Bod:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin komai ka auna, domin "tana zafi" ba hujja ba ce, hannu ba ma'auni ba ne. Sauke manhajar HWiNFO, kyauta ce, ka buɗe ɓangaren na'urorin auna zafi. Abubuwa huɗu za ka sa wa ido lokaci guda: zafin firosesa, saurinta, wat nawa take ja, da layin da ke nuna ko ta rage gudu saboda zafi. A ƙasan tagar akwai maɓallin da ke adana duk wannan a fayil ɗin CSV, ka kunna shi.

Ka jona cajarta ta asali, ka ɗora ta a kan tebur, ka bar ta minti goma ba aiki, ka rubuta lambobin. Sannan ka kunna Cinebench, mai ɗora wa firosesa aiki mai nauyi, ya yi gwajinsa na minti goma.

Iyakar wannan firosesa digiri 100 ne a ma'aunin Salsiyos. An tsara ta a kan wat 45, amma tana iya zabura har wat 115 na ɗan lokaci, kuma a wannan zaburar taɓa 95 ko 100 ba abin tashin hankali ba ne. In ba ta aikin komai, tsakanin 40 da 55 ake sa ran gani. To a nan ne maganar kamfanin take da ƙamshin gaskiya: lamba mai girma ita kaɗai ba lalacewa ba ce. Abin dubawa shi ne wat nawa take ja a lokacin da take kan 100 ɗin. Idan tana kan 95 tana jan wat 60 ko 70, sanyayarwa na aikinta. Idan kuwa ta manne a 100 alhali wat 25 kawai take ja, saurinta ya faɗo ƙasa da gigahaz 2.3 da aka yi alkawari, to zafin ba ya samun hanyar fita.

Batun ɗaukewa kuma daban ne. Rage gudu tsari ne da aka gina mata don ta kare kanta. Mutuwa ɗif na nufin wannan kariyar ta gaza, ko kuma wani sashe daban ne ya ƙure, kamar ƙananan na'urorin da ke daidaita wuta kewaye da firosesa, ko caja da ba ta iya ba da wutar da ake buƙata. Duba wat ɗin da ke rubuce a jikin cajar. Laftop mai katin hoto daban yawanci tana son 150 ko sama, in aka ba ta mai 65 sai ta riƙa cin batir tana jone, ta kuma shaƙe saurinta.

Ka kuma leƙa Task Manager, da Ctrl da Shift da Esc, ka tabbatar ba wata manhaja ce ke cin firosesa a ɓoye ba.

Injiniya_Ƙarami:

Abin da Malam ya faɗa daidai ne. Ni zan ɗora da abin da ke cikin cikinta, don a san inda zafin ke maƙalewa.

Hanya ɗaya ce zafin ke bi. Daga firosesa ya ratsa siririn man da aka shafa, ya shiga farantin jan ƙarfe, ya bi bututun jan ƙarfe zuwa jerin siraran ƙarafa da ke bakin ramin iska, fanka ta huro shi waje. Bututun nan ba ƙarfe ne zalla ba. A cikinsa akwai ɗan ruwa kaɗan da aka rufe bayan an zuƙe iska. Ruwan ya zama tururi a gefen zafi, ya tafi gefen sanyi ya koma ruwa, ya dawo. Ko ina aka samu cikas a wannan hanya, sakamakon ɗaya ne.

Cikas na farko ƙura. Tana taruwa ne tsakanin fanka da siraran ƙarafan nan, ta dunƙule kamar auduga, daga waje kuma ba a ganinta. Alamarta: fanka na ihu amma in ka sa hannu a bakin ramin iskar da ke fita kaɗan ce. Na biyu man firosesa. Kullum ƙarfe na buɗewa da zafi yana tsukewa da sanyi, wannan motsin na tura man zuwa gefe har tsakiya ta bushe. Na uku farantin bai zauna daidai ba tun daga masana'anta. Wannan ana gane shi a HWiNFO, in manyan sassan firosesar na aiki iri ɗaya amma wani ya fi wani da digiri 15 ko 20. Na huɗu bututu ya huje. Iskar da ke fita da ƙarfi take amma sanyi ƙalau, firosesa kuma na kan 100.

In za a buɗe, a kashe ta gaba ɗaya, a cire caja, a kwance notunan ƙasa a jera su yadda aka ciro, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne, dogo a ramin gajere yana iya huda bod, wato babban faifan da sassan na'urar ke zaune a kai. Da an ɗaga murfi, wayar batir ce farkon abin cirewa. A riƙe fanka da yatsa kafin a hura mata iska, in aka bar ta tana juyi da ƙarfin iskar za ta iya cin gindinta. Notunan farantin suna da lamba 1, 2, 3, 4 a jikinsu, a kwance su daga ƙarshe zuwa farko, a ɗaure daga farko, rabin juyi rabin juyi. Tsohon man a goge shi da barasar goge na'ura mai ƙarfin kashi 90 ko sama. Sabon kuma kaɗan ake sa, a shimfiɗa shi siriri ya rufe duk fuskar, tunda firosesar laftop ba ta da murfin ƙarfe irin ta kwamfutar tebur.

Ƙananan katifun roba da ke kan sauran sassan kada a taɓa su in ba su yage ba. Kaurinsu kan zama rabin milimita, ko 1, ko 1.5, kuma in aka sa wanda ya fi kauri sai ya ɗage farantin daga kan firosesa, a gama gyara zafi ya ƙaru. Man ƙarfe mai ruwa kuma a bar wa gwanaye, wutar lantarki na ratsa shi, yana cin alminiyam.

Malama_Mai_Lissafi:

Injiniya, bayaninka ya yi, amma ba yanzu ne lokacinsa ba. Garanti na da sauran rai, kuma na'urar da ba ta shekara ba bai kamata man ya bushe har ta riƙa mutuwa ba. Ɗan'uwa, kada ka kwance farantin nan. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: a Amurka akwai dokar garanti ta Magnuson-Moss ta 1975, har hukumar kula da kasuwanci ta ƙasar ta gargaɗi kamfanoni a 2018 kan takardar nan da ake mannawa wai in ta yage garanti ya tashi. A Tarayyar Turai mai sayarwa ne ke ɗauke da alhakin kaya na shekara biyu. Amma ko a inda doka ke bayanka, da sun ga sabon mai a kan firosesa ko noti da ya cinye, sun samu abin fakewa, kai kuma ka koma kare kanka. Abin da za ka iya ba tare da haɗari ba shi ne hura iska ta ramuka daga waje a hankali, da ɗaga bayanta santimita biyu ko uku daga tebur.

Ma'aikacin kamfanin da ya fara amsa maka yana bin rubutaccen jeri ne, kuma ba shi da ikon tura ta gyara sai ya cike kowane gurbi. Faɗa da shi ɓata lokaci ne. Ka cike masa guraben tun a saƙon farko: sunan samfur, lambar siriyal da ke ƙasan na'urar, ranar saye da hoton rasit, lambar BIOS da ke kai yanzu, da cewa an sake zuba Windows. Kusan kowane kamfani na da nasa gwajin da ake shiga kafin Windows ta tashi. A Dell ana danna F12 a zaɓi gwaji, a HP ana danna F2. Ka yi shi, ka ɗau hoton sakamakon ko da ya ce lafiya. Su nasu gwajin suka fi yarda da shi, in ya fitar da lambar kuskure kan fanka an gama magana.

Kalmar da za ka sa gaba ita ce tana mutuwa da kanta, ba tana zafi ba. Zafi suna da amsarsa a shirye, ka riga ka ji ta. Mutuwa ba su da ita. Buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, ka nemo Kernel-Power mai lamba 41. Ba ya faɗin dalili, yana dai tabbatar da cewa wuta ta yanke ba bisa tsari ba, da rana da lokaci. Haɗa shi da fayil ɗin HWiNFO da ya tsaya a daidai wannan minti, da gajeren bidiyon waya.

Sannan ka rubuta musu yadda za su maimaita matsalar da hannunsu: a jona caja, a buɗe manhaja kaza, a fara fitar da bidiyo, cikin minti kaza za ta ɗauke. Rashin wannan ne ke sa na'ura ta je wurin gyara, a kunna ta, a ga ta tashi, a dawo da ita da takardar ba a ga matsala ba. Buga wannan bayanin a takarda ka sa tsakanin allo da kibod, don ba lallai mai gyaran ya karanta doguwar hirar imel ba.

Komai ya zama a rubuce. In ta waya aka yi magana, ka bi da imel mai taƙaita abin da aka ce. Lambar ƙorafi ɗaya za ka riƙe, kada ka bari a buɗe maka sabuwa kowane kira, domin tarihin gyara a kan lamba ɗaya shi ne hujjarka ranar da za ka nemi a canja na'urar. Ƙorafin da aka buɗe kafin garanti ya ƙare ya fi sauƙin bi ko da gyaran ya ja lokaci. In an sake cewa haka take, ka nemi a ɗaga maganar zuwa mataki na gaba, ka kuma tambaya a rubuce: shin mutuwa da kanta a tsakiyar aiki na cikin ƙa'idar wannan samfur?

Kafin ka miƙa ta, kwashe bayananka, don suna iya goge komai. Nemo mabuɗin BitLocker, tsarin da ke kulle bayanai a Windows, mai jerin lambobi guda 48, daga asusunka na Microsoft ka ajiye, saboda in suka canja madabod, wato bod ɗin nan, Windows za ta tambaye shi. Ɗau hoton kowane gefe da allon a kunne. In ka ƙara RAM ko SSD da kanka, mayar da na asali.

Ɗan_Koyo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga sakamako. Ba aiki, 62. Da fara gwaji cikin 'yan daƙiƙu ta kai 100 ta zauna, tana jan wat 28, sauri na yawo wajen gigahaz 1.6. Bambanci tsakanin manyan sassan ya kai digiri 21. Iska na fita da ƙarfi amma da ƙyar take da ɗumi. Cajar ta asali ce, mai wat 180. Gwajin kamfani ya ce fanka lafiya.

Mai_Gyaran_Bod:

To ai magana ta fito. Fanka lafiyarta lau kamar yadda gwajin ya ce, ƙura ma ba ita ba ce tunda iska na wucewa. Tashi zuwa 100 cikin daƙiƙu a kan wat 28, ga iska mai sanyi, ga ratar digiri 21, duk suna nuna wuri ɗaya: zafin ba ya barin firosesa ya shiga ƙarfe. Ko dai farantin bai zauna ba, ko bututun ya mutu. Duka biyun aikin masana'anta ne, ba naka ba.

A saƙonka ka nemi a canja dukkan kayan sanyayarwa, faranti da bututu, ba a sake shafa mai kawai ba. In bututu ne ya huje, sabon mai zai ɗan sauko da lamba a gwajin minti biyu, matsalar kuma tana nan. Ka sa waɗannan lambobi a layin farko: wat 28 a digiri 100, alhali firosesar ta wat 45 ce, da gigahaz 1.6 maimakon 2.3.

Kafin su karɓa, ka shiga saitin wuta na Windows, wurin Maximum processor state, ka mayar da 100 zuwa 99. A yawancin na'urori wannan na hana zaburar nan, zafi ya sauka, ka samu ka yi aiki ko da a hankali. Ranar da za ka tura ta ka mayar da shi 100, kada ka ɓoye musu matsalar da hannunka.

Duba kuma faifan linzami, wato wurin da ake shafawa da yatsa a gaban kibod, da ƙasan na'urar. In ka ga ya ɗago, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batir ne ya kumbura. A nan a daina caji, kada a danna shi, kada a huda, a sanar da su nan take, domin hanyar aika batir mai kumburi daban ce. In kuma kana sa ta a jaka, ka kashe ta gaba ɗaya maimakon rufe murfi kawai. Barcin sababbin laftop na Windows ba cikakke ba ne, tana iya farkawa cikin jaka ta yi ta aiki ba iska. Ka buɗe Command Prompt da izinin mai gudanarwa ka rubuta powercfg /sleepstudy, zai fitar maka da rahoton abin da ya tashe ta da yawan batir da ta ci.